Kujerar Yayata a Gundumar Manoma

Yayata ma'aikaciyar jinya ce. Daga unguwarmu ta Zongo ta tafi Amurka, aiki ya kai ta wata gundumar manoma, nesa da kowane babban birni. Ta daɗe can har ta zama 'yar ƙasa. Da ta zo hutu, Baba ya zaunar da ita a tsakar gida yana tambayarta wurin.

"Fili ne shimfiɗaɗɗe, Baba, masara iya ganinka," in ji ta. "Kogi ya raba shi biyu. Shanu sun fi mutane yawa."

"Su wa suka kafa shi?"

Ta ce baƙi ne suka zo da kekunan doki suka ture mutanen asali, daga baya jirgin ƙasa ya biyo su.

"To, wa ke mulki?"

"Gwamna yana can nesa. Mutane kaɗan ake zaɓa, su zauna a wani tsohon ginin jan bulo su yanke maganar hanya da gada da asibiti. Kuma yanzu ƙaramin asibitinmu suke son rufewa. Zan tsaya takara."

Inna ta ajiye muciya. "Ke baƙuwa, da ɗankwalinki, wa zai zaɓe ki?"

Yayata ta koma Amurka ta tsaya takarar. Gida-gida ta bi cikin sanyi. Wasu sun rufe mata ƙofa. Amma tsofaffin manoman da ta sha wanke wa ciwo su suka riƙa ɗaukarta a motocinsu, gona zuwa gona, suna gabatar da ita ga maƙwabta.

Wata safiya muna shan koko wayata ta yi ƙara. Yayata ce, muryarta duk ta dushe.

"Na ci! Gaya wa Inna na ci!"

Inna ta rangaɗa guɗar da ta fito da matan layinmu kaf. Baba kuwa ko karyawa bai gama ba ya hau babur sai kasuwar Rood Woko, ni a bayansa. Bai buɗe rumfar atamfarsa ba sai da ya zaga kasuwa yana faɗi da Hausa, da Mooré, da Faransanci.

Wani abokinsa Bakano ya ce, "Alhaji, minista ta zama?"

"A'a, kansila ce," in ji Baba, "amma da ƙuri'arsu ta hau."

A zaman farko ta kawo maganar asibitin. Har yau a buɗe yake.