Motar da Inna Ta Ce a Sayar

Shekarar da aka canja takardun kuɗi, mutane suka riƙa yini a bakin banki, ita ce shekarar da na sayi mota. A ƙarshenta ne, bayan an gama girbi. Tsohuwa ce, baƙa, ta sha hannu kafin ta zo gare ni. Shekaruna sun haura arba'in a lokacin, kuma duk rayuwata motocin mutane nake tuƙawa.

Ranar da zan kai ta Zungur mahaifiyata ta sa albarka, na wanke ta a ƙofar gidanmu a Ƙofar Wambai. Na shafa mata man ƙyalli, wanda masu wankin mota ke kira folish, na dirje ta da wata tsohuwar rigar ƙwallo mai santsi har ina ganin fuskata a murfin inji. Kujerun ma na sa musu sabuwar riga ta roba. Ina goga ina jin wani ɗan ƙara, tas-tas, gashin hannuna yana miƙewa. Ban kula ba.

A Zungur na tsaya kusa da inda mata ke shiƙar gero. Kafin mu gama gaisawa da Inna, baƙar mota ta koma ruwan ƙasa. Ƙaiƙayi ya manne mata ko'ina, har gefen ƙofofi inda ƙura ba ta saba zama ba. Ga babur ɗin yayana a gefe, da ƙyar za ka ga wani abu a jikinsa.

Yaya ya ce, "Kai direba, mota ka sayo ko faifai?"

Na zaga da Inna cikin gari. Da ta zo fita, ta kai hannu ga ƙarfen ƙofa, sai ta zabura.

"Innalillahi! Ta cije ni!"

"Inna, mota ba ta cizo."

"To ni ta cije ni. Ka san wanda ya riƙe ta kafin kai? Ka san abin da aka yi mata? Motar da ke kiran ƙasa tun da ranka! Ka sayar da ita."

Ban taɓa musu da Inna ba. Na durƙusa na roƙi ta ba ni zuwa sabon wata. Ta ce ta ba ni, amma kada in ɗauki jikokinta a ciki.

Kullum na goge, kullum ta kwaso ƙura, sai in ƙara mai in ƙara dirza, abin ya ƙara lalacewa. Wani maƙwabcina har ya fara taya motar, zai saya.

A lokacin ina zuwa ajin manya bayan la'asar. Akwai wani dattijo mahauci da muke zama benci ɗaya, ba ya rabo da wasa. Wata rana ya cire hula, ya goga biro a kansa, ya kai shi kusa da guntayen takarda, sai suka yi tsalle suka manne. Ya ce, "Kun ga asirin mahauta." Aka yi ta dariya. Malaminmu ya ce guga ce ke tara ɗan lantarki a jikin roba, musamman idan iska ta bushe. Ni ban yi dariya ba, rigar ƙwallo da rigunan kujeru na roba nake tunani.

Na wanke motar sarai. Rabin murfin inji na dirje shi da rigar kamar da. Ɗaya rabin na bi shi a hankali da tsohon zanin atamfa na matata, mai ɗan laima. Na cire rigunan kujeru. Na nufi Zungur, na tsaya daidai wurin nan na masu shiƙa, na nemi inuwa na zauna. Ban yi gaggawa ba.

Da na kira Inna, murfin ya rabu biyu kamar an ja layi: gefe ɗaya ƙaiƙayi dam, ɗayan kuwa ɗan abin da iska ta zubar ne, na hura ya tashi. Na yi mata bayani yadda na iya, na goga biro a kaina na ɗauki ƙaiƙayi a gabanta.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce wa Yaya, "Taɓa ƙofar tukuna." Ya taɓa. Ta shiga, ta zauna, ta fito, ta dafa ƙarfen da yatsa ɗaya, sannan da tafin hannu.

"Ashe kai ne mai cizon," in ji ta. "Allah ya tsare hanya. Gobe ka zo ka kai ni Inkil gaisuwar haihuwa."

Motar tana nan har yau. Abin da na rasa a wannan sha'ani: gwangwanin folish ɗaya da rabi, rigunan kujeru da ban ƙara sawa ba, zanin matata da na yaga huɗu ba tare da na tambaye ta ba, da kasuwar Juma'a uku da ban yi lodi ba.