Ƙwayar noma da yabanyar da ke cikin kai

Jiya ƙanena Sabi'u ya dawo daga kasuwar Ajingi, ya zube wa Inna saƙonta a gabanta: daddawa, kanwa, har da man zafin da ta faɗa masa yana bakin ƙofa. Bai manta komai ba. Sai ga Inna tana share hawaye da bakin zani.

Kar ku yi dariya. Bara lokacin cirar gyaɗa ya koyi jefa ƙwayar ƙarin kuzari a shayi wajen 'yan ƙwadago, wai don ya wuni a duƙe. Gyaɗa ta ciru, amma yaro ya koma mantau. Ko sallah yake sai ya rasa raka'ar da yake ciki.

Da na kai shi wajen wani likita a Gaya, kansa a sunkuye ya ce, "Likita, shi ke nan na lalace?"

Likitan ya ce, "Kai manomi ne, za ka gane. Masu bincike na ganin ko babba ne, akwai wani lungu a ƙwaƙwalwarsa da sababbin ƙwayoyin halitta ke tsirowa kamar yabanya, suna taimaka wa tunawa. Ƙwayar nan da kake sha kamar fari take a gare su, ƙona su take. Ka daina, ka riƙa samun barci, mu ga abin da damina za ta yi."

Ya sha wuya, amma ya daina. Alhamdulillahi.

Mu da ke lallaɓa yabanyar gona, yaya muke barin ta kan yaranmu tana ƙonewa? A garinku ma haka ake?