Kuɗin Shinge a Hanyar Kaduna

A shekarar da aka cire tallafin man fetur, bayan kaka, na ɗauki waken suyata buhu tara zan kai Kaduna. Mun bar Tsohon Birnin Gwari bayan sallar asuba, kowane buhu da sunana da na rubuta da ajami. Tun kafin a cire waken nan na riga na biya mutanen daji harajinsu, don haka raina a ɓace na fito.

Birnin Gwari

A tasha muka hau babbar motar Ɗanjuma direba. Alhaji Sale, mai saya wa wani kamfani wake, ya zauna gaba da buhunsa arba'in. A baya akwai ni, da wasu fasinja goma marasa kaya, da wata tsohuwa Bagwariya, Laraba, mai rabin buhu da za ta sayar ta sayi maganin mijinta da ke kwance a asibiti. Sai Katikis Bitrus, malamin cocin Katolika a Saminaka. Lokacin da aka tashi ƙauyensu, wata biyu ya yi a zaurena da iyalinsa, kuma tun daga nan duk sanda ya gan ni sai ya ce, "Malam, bashinka yana wuyana."

Muna jiran rakiyar sojoji Alhaji ya duba wayarsa, ya ce farashin wake ya faɗi saboda an samu albarkar noma a wata ƙasa ta bayan teku. Na ce, "Ikon Allah! Ruwa ya sauka a gonar da ban sani ba, ni kuma ya jiƙa mini aljihu."

Udawa

Kafin mu kai Udawa mun tsaya a shinge huɗu. Wannan tikiti, wancan kuɗin shan ruwa, wani ma bai faɗi sunan nasa ba. Al'adar motar ita ce direba ya biya, sannan a raba wa fasinja kai da kai. Ɗanjuma ya tsaya ya zagayo da hularsa. Laraba ta kwance bakin zaninta, na ga abin da ke ciki ba zai kai ta Buruku ba, balle ya mayar da ita gida.

Katikis ya rufe hular da tafin hannu. "Ɗanjuma, masu shingen nan kawunanmu suke ƙirgawa ko buhuna?"

"Buhuna mana."

"To a raba a kan buhu."

Alhaji ya leƙo ta taga. "Kai Fasto, ba ranar Lahadi ba ce yau."

"Katikis dai, Alhaji. Mu a cocinmu abin da ake koya mana, haraji gwargwadon ƙarfin mutum ne, kuma mai rauni ake fara dubawa. Wannan tsohuwa da hannunta ta noma, kai da waya ka saya. Ya za a ce nauyinku ɗaya?"

Aka yi ta musu rana tana dukanmu, motocin ayari suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ina ta jan carbi, domin na riga na lissafa: in aka bi buhu, nawa zai ƙaru. Ɗanjuma ya gaji, ya ce, "Malam ne babba, abin da ya yanke shi ke nan."

Alhaji ya yi murmushi, ya san buhuna tara ne. Katikis kuwa ya juyo a hankali. "Malam, ka fi ni sani. A wajenku, mai rabin buhu yana fitar da zakka?"

Wallahi a ran nan na yi da-na-sanin ba shi tabarma. Na ce bai kai nisabi ba. Na ce a raba a kan buhu, kuma a cire rabin buhun tsohuwa daga lissafin. Alhaji ya biya yana rantsuwar ba zai sake hawa motar ba.

Buruku zuwa Kaduna

Wasu shingaye uku, duk a kan sabon tsari. Hanyar kuwa da ake karɓar kuɗi a kanta ramuka ne kawai. A Buruku na ci shinkafa da wake mai tsadar da ban taɓa ji ba. Mun shiga Kaduna da la'asar, na sayar a farashin da ya faɗi, na kwana a shagon ɗan ƙanena. Laraba ta sayi maganin, har da ragowar kuɗin mota.

Komawa

Washegari da magariba muka sauka gida lafiya, Alhamdulillahi. A bakin tasha Katikis ya riƙe hannuna. "Malam, yau na biya bashin zaure."

Na ce, "Da me? Da asarar da ka ja mini?"

"Na hana ka isa gaban Allah da kuɗin maganin mijin Laraba a aljihu."

Na mayar da carbina aljihu. Sannan na ce na karɓa, mun rabu babu bashi, amma tafiya ta gaba ya nemi wata motar.