Sunan da na gani a littafin mai gadi

Yau Laraba. Ƙafafuna sun kumbura, amma kwana goma sha ɗaya ke nan rabona da giya.

Jiya na shiga bas har unguwar Setapak, wurin taron masu son daina sha. An ce can ba a tambayar sunan kowa. Sai na tarar da mai gadi a ƙofa da littafi, saboda korona.

Ya ce, "Uncle, suna da lambar waya."

Na ce, "Ɗana, shekara talatin ina ɓoye abin nan. Bar ni in wuce."

Ya ce, "Tak boleh, ba zai yiwu ba. Ko masallaci ne sai ka rubuta."

Na ɗauki biro, sai ga shi a littafin, sunan wani ɗan Kano da muke sallar Juma'a tare. Na ajiye, na juya gida.

Da yamma na daure na kira ɗan Kanon. Ya ce, "Baba, gobe bayan Azahar zan zo, mu yi magana."

Wanda ya san wani taron kusa da unguwarmu Cheras, don Allah ya sanar da ni, ni kaɗai ba zan iya ba.

La'asar ta wuce, shayin da na haɗa wa ɗan Kanon ya huce. Bai zo ba.