Oreste da Safar Siliki

Oreste Pagliardi ɗan wanzami ne daga Napoli. Bayan yaƙin duniya na biyu ya shigo Roma yana jan wayoyin fitilu a wurin shirya fim, da taurin kai har ya zama shi ke riƙe da kyamara. Shekara ashirin na yi ina saita masa gilashinta, ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

A zamaninmu kowane mai kyamara yana yawo da safar siliki ta mata a aljihu. In jaruma ta fara manyanta, sai a shimfiɗa safar a kan gilashi, tamojin fuskarta ya ɓace. Oreste ya fi kowa iya wannan, shi ya sa matan suke rububinsa.

A 1974 aka ba shi Sinyora Clelia, jaruma mai shekara sittin da biyu, za ta fito a uwar da aka kawo wa gawar ɗanta. Ya leƙa kyamara ya daɗe, sannan ya cire safar.

Mai fim ɗin, Dokta Malaguti, ya taso yana huci. "Oreste, kanka ɗaya kuwa? Mayar da ita!"

"Dokta, uwar da ta rasa ɗa da fuskar amarya? Wallahi ba da hannuna ba."

"To, ka kwashe komatsanka."

"In na gama ɗauka."

Ya ɗauka kuwa. Washegari muka kalla a ɗakin gwaji, ni kam na yi kuka, ban ji kunya ba. Clelia ta miƙe ta ce, "Wannan mutumin so yake ya binne ni da raina." A ranar aka sallami Oreste, wani ya sake ɗauka da safa. Magana ta zaga gari, babu jarumar da ta ƙara yarda da shi. Ya koma ɗaukar bukukuwan aure a unguwa, abin yana ƙona mini rai har yau.

Bayan shekara tara Clelia ta aike ni wurinsa a ɓoye. Ta ji ya adana wancan faifan da ya ɗauke ta ba safa, tana son ta gani ita kaɗai.

Yana cin taliya na same shi. Bai ko ɗago ba.

"Ka gaya wa Sinyora yana nan lafiya. Ranar da ta yarda a haska shi a sinima, gaban jama'a, ni zan kai shi da kaina."

Ba ta yarda ba, shi ma har ya mutu bai sassauta ba.