Fankar Hajiya a Ƙarƙashin Gadona

Ranar da Autana ya samu gurbin karatun injiniyan lantarki da kwamfuta, kafin la'asar duk lungunmu na Yakasai ya koma kiransa Injiniya. Mu haka muke, da an ji lantarki sai kowa ya tuna da mataccen kayansa. Rediyo, dutsen guga, tocila, duk aka jibge mana a zaure. Yaro kuwa ko sukudireba ba a ba shi ya riƙe ba a makarantar. Lissafi ne zalla, shafi guda babu kalmar da mutum zai karanta, sai ƙugiyoyi da lanƙwashe-lanƙwashe. Ni iyakacina allo, amma kunnena ya riƙe sunayen da yake kuka da su: kalkulas, sigina, da wani mugu wai shi sakit.

Hajiyar gidan da ke kallon namu ita ta kawo fanka. Ya kwance, ya mayar, ta ƙi juyawa. Ana nan, a wani gidan suna, ina tsakar gida ina zuba miya, sai na jiyo muryar Hajiyar daga ɗaki:

"Wane Injiniya? Fanka ma ta gagare shi. Ku zuba ido, kasuwar Kurmi zai dawo ya tsare wa babansa rumfa."

Mata suka kwashe da dariya. Da na koma gida na tura fankar can ƙarƙashin gadona.

Shekarun tashin bama-bamai ne. An hana acaɓa, sojoji sun kafa shinge ta ko'ina, yau a fita gobe a ce kowa ya zauna gida. Sai yaron ya yi sammako, ya isa makaranta an riga an fara gwaji. Sakit ɗin nan ya kayar da shi, ya maimaita, ya sake kayar da shi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Duk bazara sai Hajiya ta shigo tana fifita da mayafi.

"Maman Auta, a ba ni abata ko ba a gyara ba, zafin nan zai kashe ni."

"Ayya Hajiya, ai ba su zo kan darasin fanka ba tukuna. Karatun da tsawo."

Wata safiya Auta ya zauna bakin murhu, ya ƙi taɓa koko.

"Umma, na gaji. An ce in na ƙara faɗuwa kora ce. Gara in bari da kaina in bi Baba kasuwa."

Na shiga ɗaki na jawo fankar, duk yanar gizo, na dire masa a gaba.

"To ɗauki, ka kai mata da hannunka. Ka ce mata ta yi gaskiya."

Ya daɗe yana kallonta. Can ya shanye kokon, ya rataya jakarsa.

A bayan abokansa ya gama, amma ya gama. Ranar walima ya ce, "Umma, kawo fankar nan, yanzu na san abin da ya mutu a ciki."

"Kul ka taɓa ta!"

Na goge ta tas, na ɗauka da kaina, da kwanon waina a ɗaya hannun, na nufi wajen Hajiya.

"Hajiya, ga fankarki. Ashe irin wannan ba aikin injiniya ba ne, na masu gyara ne a bakin titi. A kai musu."

Da ƙyar ta ce Allah ya sanya alheri. Na ce amin da ƙarfi. Wainar da na zuba mata kuwa, duk wadda ta ƙone a tanda ce, ɗaya bayan ɗaya na tsince ta.