Filin Keken da Aka Gina Mana a Kan Hanyar Ruwa

Shekaru sun ja, furfura ta mamaye mini gemu, na manta abubuwa da dama har da fuskokin wasu abokan ƙuruciya, amma akwai damina guda da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ita ce daminar da na zama mai gadin filin keke a ƙauyenmu.

Ƙauyenmu na Hausawa ne, yamma da Hasahisa, a tsakiyar gonakin Jazira. Kawuna ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Shi ba shi da gonar kansa, yana noma gyaɗa ne a hawashar wani Balarabe, wato gonar da hukumar noma ta yanka wa mutum, in an yi girbi su raba biyu. Ni kuwa na gama sakandare na rasa aiki, sai na kafa teburin gyaran keke a gindin darbejiya. Sa'o'ina duk sun watse, wasu Hartum, wasu Saudiyya. Da yamma in na rufe aiki nakan hau keke in bi bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, in yi ta tafiya ni kaɗai har rana ta yi ja. Ban san wani jin daɗi da ya wuce wannan ba.

Wata rana da rani sai ga motar hukuma. Wani jami'i ne da injiniya, suka ce an ware kuɗin gwamnati don matasa, za a yi mana filin koyon tuƙin keke mai tuddai da kwane-kwane, irin na ƙasashen da ke da duwatsu. Mu da ko tudun tururuwa sai an nema a ƙasarmu. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo shayi. Injiniyan ya zagaya ƙauye, ya tsaya a wani fili mai faɗi a bayan gari, busasshe ƙayau, babu gini babu shuka, ya ce nan ya dace.

Babu wanda ke wurin da bai san dalilin da ya sa filin yake fanko ba. Kwari ne. In damina ta kankama gonaki suka ƙoshi, ta nan rarar ruwa ke bi ta sauka. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, amma mu 'yan gari ai muna gani. Sai dai mu mutane ne da kakanninmu suka zo a ƙasa kan hanyar Makka suka zauna, an daɗe ana tuna mana cewa daga wani wuri muka fito, har muka saba da abu ɗaya: in mai motar hukuma ya zo da kyauta, ba a ce masa ya gyara. Shehun ƙauye, wato mai garinmu, ya ce wa injiniyan, "Tamam, ya yi daidai, ya muhandis, Allah shi saka." Dattawa suka amsa da amin. Ni na buɗe baki zan yi magana, daidai lokacin jami'in ya ce ana bukatar gafir, mai gadi da ya san keke, aka nuna ni. Sai na mayar da bakina na rufe.

Cikin mako uku katafila ta tara tuddai, ta yi kwana mai gangare, aka kewaye wurin da doguwar ganuwar ƙasa. Aka kawo kekuna shida masu giya da tayoyi masu kauri, aka zuba su a ɗakin kwano, aka miƙa mini mabuɗi da takarda na sa hannu. Ba zan yi ƙarya ba, ranar da na fara hawa tudun farko keke ya ɗaga ni sama, na ji abin da ban taɓa ji ba a rayuwata. Samari suka yi ta zuwa kamar wata guda, ana faɗuwa ana dariya. Wani tsoho mai dakon madara ya zo da baƙin kekensa na Sin da tuluna a rataye, ya ce shi ma dai a bar shi ya ci rabonsa na gwamnati, muka sha fama kafin muka hana shi.

Amma da baƙar ƙasar Jazira aka yi tuddan, wadda in rana ta dake ta sai ta tsage har hannu ya shige. Kafin wata biyu tsagar ta fara cinye taya. Kullum da safe ina yawo da shebur da bokiti ina cikewa. Kekuna biyu suka lalace, kayan gyaransu kuwa ko a birnin Madani ban samu ba. Da aka fara shuka, samari suka koma gona, ya rage daga ni sai fili.

Sai ruwan sama ya sauka da ƙarfi, kwana biyu a jere. Ruwan ya taho hanyarsa ta kullum ya tarar da ganuwa, sai ya koma baya. Gonar farko da ya samu ita ce hawashar da kawuna ke nomawa. Gyaɗa kuwa ba ta haƙuri da kwanciyar ruwa.

Kawu ya zo ya same ni a ƙofar ɗakin kwano, wandonsa a naɗe, laka har gwiwa.

Ya ce, "Ɗana, ruwa ya tsaya min a gyaɗa. Sara ɗaya za ka yi wa ganuwag ga, shi wuce."

Na ce, "Kawu, in na sara, filin duka ya tahi. Kayan hukuma ne, kuma ni na sa hannu. Bari in rubuta musu."

Ya ce, "Gyaɗa ba ta san takarda ba."

Na ce, "Kwana biyu kawai, kawu."

Ya dube ni ya ce, "Kwayis, shi ke nan," ya juya.

Yanzu da na girma na san ba tsoron hukuma kaɗai ya riƙe ni ba. Filin nake so. Shi ne abu na farko da aka taɓa cewa nawa ne in kula da shi. Na hau keke na kai takarda ofis, aka ce injiniyan an yi masa canjin wurin aiki, sai kwamiti ya zauna. Mutanen gari kuma babu mai iya ɗaga fartanya a kan abin gwamnati, tunda mabuɗi da takarda suna hannuna, kowa ni yake kallo.

Babu wanda ya zage ni, da ma an zage ni da na fi samun sauƙi. A garinmu maza kan fito da tiren abinci ƙofar gida bayan la'asar a ci tare, duk wanda ya zo wucewa sai an matsa masa. Ran nan na zo na yi sallama, aka amsa, amma babu wanda ya matsa. Na ɗan tsaya kamar mai neman wani abu a aljihu, na wuce. Daga ranar na koma cin abinci a ɗakin kwano, tsakanin kekuna. Ba a kawo mini gyara, mai bukatar faci ma gara ya tura kekensa har ƙauyen gaba. A masallaci ana haɗa kafaɗa da ni don sahu ya wajabta, ana sallamewa kowa ya kama gabansa. A gida matar kawu takan ajiye mini kwano a bakin ƙofa ta koma ciki. Kaɗaicin da na yi a bakin tur'a wasa ne, don wancan ni na zaɓe shi. Kwana tara na yi a haka, kuma na yi kuka ba sau ɗaya ba.

A rana ta goma da hantsi na bi ta gefen hawashar. Ganyen gyaɗa ya yi ɗorawa, wurin yana warin ruɓa. Can tsakiya na hango kawu shi kaɗai, yana kwarfar ruwa da tasa yana watsawa bayan kunya, ruwan yana dawowa ta ƙarƙashin ƙafarsa. Mutum mai shekara sittin da wani abu. Na koma na ɗauko shebur na hau ganuwa na fara sara. Ban kai rabin sa'a ba ruwa ya karɓi aikin daga hannuna. Na tsaya ina kallo yana shiga fili, yana zagaye tuddan, suna narkewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar babu abin da ya rage sai ɗakin kwano a tsakiyar tafki.

Kawu ya taho ya tsaya kusa da ni. Na ce, "Ka yafe mini, kawu, na makara."

Ya ce, "Ka makara, amma ba yau ba. Ranar da mutanen ga sun ka zo, kai ni ka jira. Mu tsohi bakinmu ya mutu gaban hukuma tun ba a haihe ka ba. Na sai da akuyoyina na kai ka makaranta don ran da a ka bukaci mai magana a samu. Kana zaune, Larabci cike da bakinka, ka yi shiru awa mu."

Fiye da rabin gyaɗar ta ruɓe, kuma shekara ta zagayo Balaraben ya ba wani hawashar. Kawu bai sake samun gona ba, ya ƙare rayuwarsa yana tsinkar auduga a gonakin mutane. Hukuma kuwa da nake ta tsoro, bayan wata huɗu ta aiko mota ta kwashe kekunan, ko tambayar ganuwa ba a yi mini ba.

Har yau ban ce filin keke abin banza ne ba, na ga yadda samari suka yi murna da shi, kuma da an gina shi a gabashin gari, inda ruwa ba ya bi, da ƙasa mai tsakuwa, wataƙila da yana nan. Abin da na koya shi ne, aikin gwamnati ba kyauta ce da ake karɓa da ka a sunkuye ba, naka ne, in ka ga za a aza shi a inda bai dace ba ka faɗa tun ana shan shayi. Magana ɗaya ce aka nema daga gare ni ranar nan, na hana, kawuna ya biya da gonarsa.